Harshe a Bakin Gadon Majinyaci: Aikin Ƙwaƙwalwa da Gwajin Hayyaci a Hannun Ma'aikatan Jinya na Dutse

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin sassan ƙwaƙwalwa da aikin kowane, da yadda ma'aikacin jinya ke auna lafiyarta a bakin gado, da kuma cututtukan da suka fi taɓa ta a Dutse da kewayenta. An ɗora bayanin a kan hujja guda: mafi yawan gwajin ƙwaƙwalwa da baki ake yin sa, bakin kuwa a wannan yanki Hausa ne, alhali ma'aunan da ake koyarwa da Ingilishi aka tsara su. An nuna wuraren da kalmomin Hausa da ɗabi'un maganar Bahaushe ke taimakon mai gwaji, da wuraren da suke iya ɓatar da shi.

1.0 Gabatarwa

Tun da Dutse ta zama hedikwatar Jihar Jigawa a 1991 garin ke faɗaɗa, unguwanni irin su Yalwawa suna ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da waɗanda suka taso daga ƙauyukan kewaye. Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a irin wannan unguwa cikin dare, a-daidaita-sahu ake nema a nufi Babban Asibitin Dutse ko Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, kuma sau da yawa ma'aikacin jinya ne zai fara ɗora ido a kansa. Likitocin da suka ƙware a cututtukan ƙwaƙwalwa da laka kaɗan ne a Nijeriya baki ɗaya, suna kuma tattare ne a manyan birane. Saboda haka abin da nas ta gani a mintunan farko, da abin da ta rubuta a takarda, shi ne sau da yawa ke yanke hukuncin ko za a tashi likita daga barci, ko a tura majinyaci Kano, ko a bari sai gari ya waye.

Ga inda abin ya shafi manazarcin Hausa. Wannan nas ta yi karatunta da Ingilishi, a kwalejin koyon aikin jinya ta Birnin Kudu ko wata makamanciyarta. Da Hausa za ta tambayi majinyaci da danginsa, da Hausa za a amsa mata, sannan ta koma ta rubuta da Ingilishi. Fassara biyu ke nan cikin ɗan lokaci, ba ƙamus a hannu, kuma rai na iya rataya a kan kalma ɗaya. Hatta sunan aikin ma yana da harshen damo: "mai jinya" na iya zama marar lafiyan da ke kwance, yana kuma iya zama ɗan'uwan da ke zaune a gefensa. A wannan maƙala "majinyaci" na nufin marar lafiya kaɗai.

2.0 Ƙwaƙwalwa da Rassanta

Nauyin ƙwaƙwalwar baligi bai wuce kilo 1.3 zuwa 1.4 ba, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata na iska da sukari shi take ci nan take. In jinin ya yanke na daƙiƙu kaɗan mutum zai suma, in ya kai 'yan mintuna ƙwayoyinta za su fara mutuwa. Tana kwance cikin ƙoƙon kai, lulluɓe da tantani uku, tana kuma iyo cikin wani ruwa garai-garai da bai wuce mililita 150 ba, wanda yake zagaya ta ya gangara ya kewaye laka. Ƙoƙon kan baligi rufaffen akushi ne, ba ya buɗawa. Duk abin da ya ƙaru a cikinsa, jini ne ko kumburi ko ƙari, ƙwaƙwalwa zai matse. Wannan gaskiya guda ita ce tushen rabin abin da ma'aikacin jinya ke sa wa ido.

Babbar ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, dama da hagu, kowane ɓari kuma ya kasu sassa huɗu. Sashen goshi ke riƙe da motsin gaɓoɓi da tsara shawara da kamun kai. Mutumin da ya samu rauni a nan yana iya warkewa a jiki amma halinsa ya sauya, mai kunya ya zama marar ta ido, har dangi su ce an yi masa sammu. Sashen tsakar ka ke karɓar saƙon taɓi da zafi da sanin inda gaɓa take. Sashen gefen kunne na ji ne da fahimtar magana da ajiye abin tunawa. Sashen ƙeya kuwa na gani ne, shi ya sa bugu a ƙeya kan sa mutum ya ga wuta-wuta ko da idonsa lafiya yake. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai daidaita tafiya da saitin hannu. In ta taɓu mutum zai riƙa tangaɗi kamar mashayi. Sai kututturen ƙwaƙwalwa, wanda ya haɗa ta da laka. Shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne kuma mafi haɗari, domin numfashi da bugun zuciya da haɗiya da farkawa duk a can suke. Daga ƙwaƙwalwa jijiyoyi tagwaye 12 suke fita zuwa ido da fuska da kunne da harshe da maƙogwaro, daga laka kuma tagwaye 31 zuwa sauran jiki.

Kalmar "jijiya" da aka yi amfani da ita yanzu ita ce matsala ta farko. A Hausa jijiya ce ke ɗauke da jini, jijiya ce agarar da ke bayan ƙafa, jijiya ce kuma zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa. Abubuwa uku ne da ba su haɗa aiki ba. Majinyacin da ya ce "ciwon jijiya" ke damun sa bai faɗa wa nas komai ba tukuna. Ya kamata a tsayar da rabe-raben da bakin mutane ya riga ya fara yi: jijiyar jini, jijiyar nama, da jijiyar saƙo. Ta ukun ce abin maganarmu.

Jijiyoyin saƙon motsi suna gicciye juna a ƙasan kututture kafin su shiga laka, don haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma ya sarrafa na hagu. Dangi sukan duƙufa a kan hannun da ya mutu, a gasa shi, a shafa masa man zafi, a kira wanzami ya yi ƙaho, alhali ciwon yana cikin kai, a ɗaya ɓarin ma. Ga mafi yawan mutane harshe a ɓarin hagu yake zaune. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya bayyana wani majinyaci da ke fahimtar abin da aka ce masa amma gaɓa ɗaya tak yake iya furtawa. Da ya rasu aka tarar da rauni a ƙasan sashen goshi na hagu. A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana kishiyar haka: magana na zuba ba tangarɗa, amma ba ma'ana, mai yin ta kuma ba ya gane abin da ake faɗa masa. Na farkon Bahaushe zai ce "bakinsa ya ɗauke", ya kai shi asibiti. Na biyun shi ne abin tausayi, domin "sambatu" za a kira abin da yake yi, a ɗauka taɓin hankali ne ko iska, a nufi wani wuri da shi, alhali jijiyar jini ce ta toshe a gefen kunnensa na hagu.

3.0 Gwaji a Bakin Gado

Hausa tana da arzikin kalmomin gushewar hankali: suma, doguwar suma, magagi, gigita, ruɗewa, fita hayyaci, mayen barci. Suna da daɗin adabi, amma ba su da awo. "Ya suma" na iya nufin wanda jiri ya kwasa ya farfaɗo cikin minti ɗaya, yana iya nufin wanda ya kwana uku bai motsa ba. Ingilishi ma ya sha fama da irin wannan ruɗani, shi ya sa a 1974 Graham Teasdale da Bryan Jennett na Jami'ar Gilasgo suka fito da ma'aunin da duniya ke amfani da shi har yau. Abu uku yake dubawa. Buɗe ido yana da maki 4: da kansa, ko sai an kira shi, ko sai an matsa masa, ko ba ya buɗewa sam. Magana tana da maki 5: amsa daidai, amsa a ruɗe, kalmomi tsilla-tsilla, nishi kawai, ko shiru. Motsi yana da maki 6, daga bin umarni, zuwa kai hannu wurin da aka matsa, zuwa janye gaɓa, zuwa lanƙwashewa ko miƙewar da ba ta kan ƙa'ida, zuwa rashin motsi. Jimla tana tsakanin 3 da 15. Daga 8 zuwa ƙasa majinyaci ba ya iya kare maƙogwaronsa daga amai da yawu. Abin da ya fi lambar kanta muhimmanci shi ne alƙiblarta: wanda yake 14 da magariba ya koma 12 da isha'i ya fi wanda ya tsaya a 11 tun safe buƙatar a kira likita.

Makin magana ne ya fi shiga hurumin al'ada, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Nas mai tarbiyya ba za ta fara da tambaya ba, da gaisuwa za ta fara.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Wanda ya ji wannan zai ba tsoho maki 5 ya wuce. Amma tun ƙarni na 19 likitan Ingila John Hughlings Jackson ya bambance maganar da mutum ke ƙirƙira da maganar da ta zama jiki, irin gaisuwa da ƙirga da rantsuwa da addu'ar da aka haddace. Ta biyun takan tsira ko da cibiyar harshe ta lalace. Gaisuwar Hausa doguwa ce, amsoshinta kuma a shirye suke, don haka majinyacin da ya rasa harshensa yana iya ratsa ta tun daga "ina kwana" har "yaya iyali" ba a gane ba. Hasali ma "da sauƙi" ba rahoto ba ne, ladabi ne. Mai gargarar mutuwa ma ita zai faɗa. Dole bayan gaisuwa a nemi maganar da ba a haddace ba. A nuna masa carbi ko buta ko agogo a ce, "Baba, mene ne wannan?" A ce ya ba da labarin yadda ciwon ya fara. A ba shi umarni da baki kaɗai ba tare da nuni ba, domin in aka ce "ɗaga hannu" ana ɗagawa, kwaikwayo zai yi, ba fahimta ba.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen, a rage wa mai lafiya maki. Ma'aunin yana so a san ko majinyaci ya san kansa da wurin da yake da lokacin da ake ciki. Tsohuwar da aka kawo daga ƙauyen Kiyawa ko Jahun, aka tambaye ta sunan watan Bature da shekara, ta yi shiru, ba ruɗewa ta yi ba. Ba da wannan kalanda take rayuwa ba. A tambaye ta saura wata nawa azumi, ko damina ake ko kaka, ko yaushe kasuwar Shuwarin ta ci, ko wace salla aka yi yanzu. Haka kuma macen da aka ce ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ta sunkuyar da kai, alkunya ta yi, kuma alkunyar nan kanta shaida ce cewa sashen goshi yana aiki. Budurwa ko amaryar da ta ƙi haɗa ido da babban namiji ba matsalar jijiyar ido gare ta ba.

Umarnin motsi ma yana da nasa tarko. "Matse hannuna" ba ya wadatarwa, domin ƙwaƙwalwar da ta taɓu tana iya damƙe duk abin da aka sa a tafi ba da sani ba. Sai an ƙara da "to, saki" an ga ya saki. Matar aure na iya ƙin riƙe hannun namiji. Fito da harshe, wanda ake buƙata don a ga ko ya karkata gefe, gwalo ne a idon dattijo, sai an yi masa bayani. Wajen gwada gani kuma, nas ɗin da ta ware yatsu biyar ta tura su fuskar majinyaci ta yi masa daƙuwa. Yatsa ɗaya ko biyu sun isa. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, tunda kowane jinkiri na kunya yana iya komawa lamba a takarda.

Sai aikatau "ji", wanda a Hausa ya haɗe aikin kunne da na fata da na hanci da na harshe, har da fahimta. A taɓa ƙafar majinyaci a ce "kana ji?", ya ce "ina ji", ba a san ko muryar ya ji ko taɓin ba. Ingantacciyar hanya ita ce a ce ya rufe ido, duk lokacin da aka taɓa shi ya nuna wurin, a kuma tambaye shi tsini ne ko dakusasshe, sanyi ko ɗumi, ana kwatanta dama da hagu. Haka "jiri" da "hajijiya" suke shiga juna a bakin mutane. Tambayar da ke raba su ita ce, "Ɗakin ne ke juyawa da kai, ko kuwa duhu kake gani kamar za ka faɗi?" Na farko kunnen ciki ko ƙaramar ƙwaƙwalwa yake nunawa, na biyu ƙarancin jini ko faɗuwar awonsa.

Akwai inda Hausa ke ba da kayan aiki kyauta. Don a gane ko leɓe ko harshe ko hanɗa ne ya raunana, akan sa majinyaci ya maimaita gaɓoɓi uku, na leɓe da na hanƙa da na hanɗa. A ganin mai wannan rubutu kalmar "fatake" ta tara su a jere: /f/ ta Hausa baleɓiya ce, /t/ bahanƙiya, /k/ kuwa bahanɗiya. Kalma ce da kowa ya sani, kuma in aka ce a maimaita ta da sauri, wurin da ta fara narkewa zai nuna jijiyar da ta gaza. Karin sauti da tsawon wasali ma fage ne. Binciken Jack Gandour a kan masu magana da harshen Thai ya nuna raunin ɓarin hagu yana dagula karin sautin da ke bambance ma'anar kalma. Bahaushen da ya kasa raba garin zama da garin tuwo bayan ciwo, abin nazari ne da masanin tsarin sauti zai fi likita saurin kamawa.

Sauran gwajin ba ya buƙatar magana. Ana haska tocila a ido a ga ko ɗigon tsakiyar baƙin ido ya tsuke, kuma ko na dama da na hagu girmansu ɗaya. Idan ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa ga wanda hayyacinsa ke raguwa, alama ce ƙwaƙwalwa ta matsu har ta danne jijiya ta uku a wannan gefen. In awon jini na hawa, bugun zuciya na raguwa, numfashi ya rikice, matsin ya kai kututture, lokaci ya ƙure. Ana kuma auna sukarin jinin duk wanda hankalinsa ya gushe, domin ƙarancinsa yana kwaikwayon kusan kowace cutar ƙwaƙwalwa, maganinsa kuwa na minti biyar ne. Ga yaron da bai fara magana ba akwai ma'aunin Blantyre, wanda Malcolm Molyneux da Terrie Taylor suka tsara a Malawi a ƙarshen shekarun 1980, mai maki 0 zuwa 5, yana duba kuka da motsi da ko yaro na bin fuskar uwarsa da ido.

4.0 Cututtuka da Sunayensu

Sunayen cututtuka a Hausa yawanci siffar da ido ya gani suke kamawa. Wannan ƙarfinsu ne, shi ne kuma rauninsu, domin mutane sukan jira sai siffar da ke cikin sunan ta bayyana.

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa idan jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa ko ta fashe. Babban binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018 ƙarƙashin jagorancin Mayowa Owolabi, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin musabbabanta, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku fashewa ce, adadin da ya zarce na Turai. Alamomin farko su ne karkacewar baki, da sanyin hannu ɗaya, da sauyin magana. Maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin awa 4 da rabi, bayan an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewa ba ce, don haka sanin lokacin da abin ya fara wajibi ne. Ba kowa ke duba agogo ba, amma kowa ya san salla: "Ya yi alwalar asuba da kansa? Da azahar fa, da wane hannu ya ci abinci?" Karkacewar baki kaɗai ba kullum shanyewa ba ce. A ce majinyaci ya ɗaga gira: in goshin ɓarin da ya karkace yana tattarewa, ciwon daga ƙwaƙwalwa yake, in goshin ma ya mutu, ya fi yiwuwa jijiyar fuska ce kawai, wadda yawanci kan warke.

Abin da ke kashe da yawa daga waɗanda suka tsallake ranar farko ba a kai yake ba, a huhu yake. Haɗiya takan lalace, dangi kuwa ƙauna takan sa su ɗura kunu ko ruwan addu'a, abin ya bi ta hanyar iska ya haifar da ciwon huhu. Nas mai hikima ba ta faɗa da imanin mutane. Takan ce, "Hajiya, a shafa masa a fuska da jiki tukuna, sha kuma sai mun gwada maƙogwaronsa." Sai juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, da ɗaga kan gado kaɗan, da motsa gaɓoɓin da suka mutu kafin su ƙage. Tushen "sha" da ke cikin shanyewa shi ne a "shan inna", inda aka jingina ciwon ga Inna ta bori, kamar yadda Elisha Renne ta tattauna a littafinta na 2010 kan siyasar rigakafin cutar a Arewa. Amma cututtukan biyu sun bambanta: shan inna laka yake kamawa, ƙafa ta yi laƙwas ta tsotse, ita kuwa gaɓar mai shanyewar ɓarin jiki daga baya sandarewa take yi.

Sanƙarau daga "sanƙarewa" ya samo suna, wato ƙagewar wuya idan tantanin ƙwaƙwalwa ya kumbura. Jigawa tana tsakiyar zirin da cutar ke yawo a cikinsa daga Senegal zuwa Habasha, tana tashi da ƙurar hunturu ta tsananta da zafin bazara, ta lafa da saukar ruwa. A annobar 1996 Nijeriya ta samu fiye da mutum 100,000 da suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Tsakanin Oktoban 2022 da Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 1,686 da ake zaton sun kamu a ƙasar, kusan kashi uku cikin huɗu daga Jigawa, mai iyaka da yankin Damagaram. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, Jigawa kuma tana cikin jihohin farko. Matsalar sunan ita ce jariri sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Alamarsa ƙin mama ce, da kuka mai tsini, da maɗigar da ta kumburo ta yi tauri. Uwar da ke jiran wuya ya ƙage za ta makara. Wanda ya warke kuma a gwada jinsa kafin sallama, domin kurumta na daga cikin abin da cutar ke bari.

Da damina kuwa zazzaɓin cizon sauro ne ke hawa kan yara, ya zo da taune-taune da doguwar suma. Allurar atesunet da auna sukari su ne gaba. Mai ciki ko mai jego da ta kama jijjiga, hawan jinin ciki ne har sai an tabbatar da wani abu daban, kuma ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi da kumburin fuska su ne gargaɗinsa. Raunin kai na haɗarin babur, a cikin gari ko a babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Shuwarin, yana da yaudara guda da ya kamata kowa ya sani. Mutum ya bugu a gefen kai tsakanin ido da kunne, ya suma, ya farfaɗo, ya yi hira har a ce Allah ya kiyaye. A ƙarƙashin wannan siririn ƙashi akwai jijiyar jini. In ta tsage, jini na taruwa a hankali, bayan 'yan awoyi sai barci mai nauyi da amai, sai ɗigon ido ɗaya ya buɗe. Shi ya sa ake maimaita awo a kai a kai ga wanda ake ganin ya warware.

Farfaɗiya ta fi kowace ɗaukar kaya a al'ada. Sunan ninki ne na "faɗi", wato faɗuwa a kai a kai, kuma ya dace da nau'in da ke kayar da mutum ya sandare ya yi fizge-fizge da kumfa a baki. Amma tartsatsin lantarkin da ke haddasa ta yana iya tsayawa a sashe ɗaya. Yarinyar da ke ƙura ido ta ɗauke na daƙiƙu kaɗan a aji, malami ya ce ba ta da hankalin karatu. Saurayin da ke jin wani wari da ba kowa ke ji ba, ya riƙa tanɗe baki yana murza riga bai san yana yi ba: duka farfaɗiya ce ba faɗuwa, kuma su ne aka fi kai wa masu ruƙiyya ko 'yan bori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar sun kai miliyan 50 a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani suka dawwama a kansa. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko kumfa, duk da yaɗuwar wannan zato da ke sa a gudu a bar mutum kusa da murhu ko bakin rijiya. Ba a cusa cokali a baki, ba a danne gaɓoɓi, ba a ɗura ruwa. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in fizgar ta lafa a kwantar da shi a gefe, a kuma duba lokaci: abin da ya wuce minti 5 na gaggawa ne.

Nas ba ta cika ganin faɗuwar da idonta ba, labarinta take samu, don haka ingancin tambayarta shi ne ingancin binciken: me yake yi kafin abin ya zo, ta wace gaɓa ya fara, ido ya juya ina, ya ciji harshe, ya saki fitsari, ya daɗe bai dawo daidai ba? Idan kuma aka zo turawa gaba, sai a auna kalma. "Likitan ƙwaƙwalwa" a kunnen yawancin mutane likitan mahaukata ne, domin "taɓin ƙwaƙwalwa" ya riga ya zama sakaya sunan hauka. Uban da ke da 'ya budurwa a gida, aka ce ya kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, yana iya karɓar takardar ya ninke ta ya sa a aljihu, ba don bai damu ba, sai don yana tunanin ranar da za a zo neman aurenta. In aka ce masa likitan jijiyoyin saƙo da laka ne, mai duba farfaɗiya da shanyewar jiki, aka kuma bayyana masa cewa ƙwayar da za a ba ta kullum ake sha ko da faɗuwar ta daina, ba a yanke ta sai da izinin likita, ya fi yiwuwa a gan su ranar da aka rubuta musu.